Mai Kallo da Abin Kallo: Yadda Mutum Yake Karɓar Rawar Bale da Nunin Hotuna

1.0 GABATARWA

Sau da yawa mutane biyu sukan shiga zauren kallo ɗaya, su zauna kafaɗa da kafaɗa, su ga abu ɗaya, amma su fito wannan yana yabo wancan yana tsaki. Idan aka nemi dalili, akan sallami maganar da cewa abincin wani gubar wani. Wannan amsa gaskiya ce, sai dai ba ta wadatar da manazarci, domin ba ta nuna masa inda son ya fito ba, balle inda ƙin ya samo tushe. Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin martanin da mutum yake mayarwa a ransa idan ya tsaya gaban aikin fasaha, ta hanyar duba fasahohi biyu da suka bunƙasa a Turai da Amurka, watau rawar bale da nunin hotuna.

An zaɓi waɗannan biyu ne saboda dalilai uku. Na farko, dukkansu ba sa amfani da kalma, don haka mai kallo ne yake sa musu baki. Na biyu, kishiyoyin juna ne ta fuskar lokaci: rawa motsi ce da take ɓacewa tun ana kallonta, hoto kuwa ƙiftawar ido ce da aka daskarar. Na uku, tarihi ya adana mana labarin yadda masu kallo suka karɓe su a wasu ranaku sanannu, har da ihu da yage-yage. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, martanin mai kallo igiya ce mai tufka uku: akwai abin da aka koya wa idonsa, akwai matsayin da yake tsaye a kai game da abin da ake nunawa, akwai kuma abin da ya taɓa shi shi kaɗai. Wanda ya iya warware tufkar nan zai amfana da ra'ayinsa, ya kuma amfanar da wasu.

2.0 RAWAR BALE DA ƘA'IDOJINTA

Bale rawa ce ta dandamali wadda ta faro a fadojin Italiya cikin ƙarni na 15 da na 16, sannan ta ƙaura zuwa fadar Faransa. Sarkin Faransa Luwis na 14 shi da kansa ɗan rawa ne; a 1653 ya fito a matsayin Rana cikin wani wasan fada, a 1661 kuma ya kafa makarantar rawa ta sarauta a birnin Faris. Malamin rawarsa, Pierre Beauchamp, shi ake danganta wa tsara tsayuwar ƙafa guda biyar waɗanda har yau da su ake fara koyar da kowane ɗalibi. Mata ba su fara rawa a matsayin sana'a a babban gidan wasa na Faris ba sai a 1681. Rawar kan tsinin yatsun ƙafa kuwa, wadda yanzu ita ce alamar bale a idon duniya, ta kafu ne bayan Marie Taglioni ta yi wasan La Sylphide a 1832.

Daga wannan asali na fada bale ta gaji siffofinta. Ana juya ƙafafu waje tun daga ƙugu, ana miƙe gadon baya, ana ɗaga kai, ana kuma ɓoye wahala. Burin ɗan rawa shi ne ya nuna kamar jiki ba shi da nauyi, kamar ƙasa ba ta jansa. Har ila yau akwai ishara ta hannu da take tsayawa a madadin magana a tsofaffin wasanni irin su Giselle na 1841 da Swan Lake na 1877: ɗora hannuwa a kan zuciya so ke nan, nuna yatsan zobe aure ke nan, gicciya dunƙulallun hannuwa a ƙasa mutuwa ke nan. Wanda bai san wannan ba zai ga mace tana ta kaɗa hannu ba gaira ba dalili, alhali na kusa da shi ya ji an yi rantsuwa ko an yanke hukunci.

A nan ne tufka ta farko take bayyana. Idan baƙo ya ce bale ba ta burge shi ba, sau da yawa abin da yake nufi shi ne ba a koya wa idonsa inda zai duba ba. Gogaggen mai kallo yana jiran wurin da jarumar Swan Lake za ta yi juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya, kamar yadda aka saba tun wasan da Marius Petipa da Lev Ivanov suka sake tsarawa a 1895, yana ƙirgawa a zuci, yana auna ta da waɗanda ya taɓa gani. Baƙo kuwa juyi kawai ya gani. Haka ma ladabin zaman kallon: mutumin da ya saba da dandali, inda mai kallo yake guɗa, ya yi kari, ya faɗa fage in kiɗa ya ratsa shi, zai iya jin zaman shiru cikin duhu na sa'o'i biyu ya zame masa takura, ya ɗora laifin a kan rawar.

Wannan bai taƙaita ga baƙi na nesa ba. Leo Tolstoy, wanda ya rayu a Rasha a lokacin da bale take ganiyarta, ya soke ta a littafinsa na 1897 a kan ma'anar fasaha, yana ganin ta a matsayin ɓarnar dukiya da ƙarfin talakawa don nishaɗin masu hali, da kuma tsiraici da aka yi wa ado. Ke nan ƙyamar matsattsun tufafi da riƙe-riƙen namiji da mace a bainar jama'a, wadda mai kallo daga al'umma mai kunya zai iya ji, tana da magabata a cikin Turai kanta.

2.1 Daren 29 ga Mayu, 1913

Babu misalin da ya fi fito da ƙarfin abin da aka koya wa ido kamar abin da ya faru a Faris ranar 29 ga Mayu, 1913. A daren ne ƙungiyar 'yan rawan Rasha ta Sergei Diaghilev ta fara nuna Le Sacre du printemps, watau tsafin shigowar bazara, a sabon gidan wasa na Champs-Élysées. Igor Stravinsky ne ya tsara kiɗan, Vaslav Nijinsky ya tsara rawar, Pierre Monteux kuma ya jagoranci makaɗa. Labarin wasan na wata al'umma ce ta Rasha ta zamanin jahiliyya, wadda take zaɓen budurwa ta yi rawa har ta mutu don ƙasa ta yi albarka.

An buɗe daren da Les Sylphides, wasa mai taushi na fararen tufafi, irin wanda masu kallo suka saba. Da aka ɗaga labule a karo na biyu sai suka ga akasin duk abin da suka sani. 'Yan rawa sun juya ƙafafu ciki maimakon waje, sun ranƙwafa, suna dukan ƙasa da diddige, suna tsalle su faɗo da nauyinsu. Kiɗan ma yana sauya bugu ba zato. Aka fara dariya da fito, wasu suka mayar da martani suna cewa a yi shiru, hayaniya ta kai har 'yan rawa ba sa jin makaɗa. Nijinsky ya hau kujera a gefen dandamali yana ƙirga musu bugu da ƙarfi. Duk da haka an kai wasan ƙarshe.

Abubuwa biyu ne abin lura a nan. Na farko, waɗanda suka yi ihun ba jahilan bale ba ne. Saninsu ne ya sa suka ji an ci amanarsu. Kiɗa ya sauya, rawa ta sauya, idonsu bai sauya ba. A watan Afrilun 1914 Monteux ya sake jagorantar kiɗan nan a Faris ba tare da rawa ba, jama'a suka yi ta tafi har aka ɗauki Stravinsky a kafaɗa. A 1987 kuma, da ƙungiyar Joffrey ta Amurka ta farfaɗo da rawar Nijinsky bisa binciken Millicent Hodson da Kenneth Archer, an karɓe ta da girmamawa a matsayin kayan tarihi. Na biyu, bayanan waɗanda suka halarci daren farko sun saɓa wa juna ƙwarai, kuma an lura cewa labarin yana ƙara kumbura gwargwadon nisan shekarun da aka rubuta shi. Rawa ba ta barin sawu. Abin da ya rage bayanta shi ne tunanin masu kallo, shi kuwa tunani yana da son ƙari.

2.2 Jiki ma yana kallo

John Martin, mai sharhin rawa na jaridar New York Times, ya yi bayani a cikin shekarun 1930 cewa mai kallon rawa yana kwaikwayon motsin a cikin tsokokinsa ko da yana zaune, kuma ta wannan hanya ce rawa take isar da abin da take ɗauke da shi. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin hasashe. A 2005 Beatriz Calvo-Merino da abokan aikinta a Landan suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Sun nuna wa 'yan rawan bale, da gwanayen kafuwera, wani wasan Barazil mai haɗa rawa da faɗa, da kuma mutanen da ba su koyi ko ɗaya ba, gajerun finafinai na motsin wasannin biyu. Sai aka ga sassan ƙwaƙwalwa masu shirya motsi sun fi aiki idan mutum yana kallon motsin da jikinsa ya koya.

Ma'anar wannan ga batunmu a fili take. Hasashen Martin yana da tushe, amma kwaikwayon na ciki ba ɗaya yake ga kowa ba. Ya danganta da abin da jiki ya saba. Mutumin da ya tashi cikin raye-rayen da ake sassauta gwiwa, a ba ƙasa nauyi, a bi ganga da kafaɗa da ƙugu, zai iya jin bale ta yi masa sanyi ko tauri, kamar yadda mutanen Faris suka ji rawar Nijinsky ta yi musu nauyi. Masaniyar al'adu Joann Kealiinohomoku ta ja hankali ga wannan a wata maƙala ta 1970, inda ta nuna cewa bale ma rawar gargajiya ce ta wata al'umma: sarakunanta, da bukukuwan aurenta, da tsuntsaye da furannin da take ambata, da irin dogon siririn jikin da take so, duk na Turai ne. Amfanin wannan magana shi ne ta sauke bale daga matsayin ma'aunin dukkan raye-raye, ba tare da ta rage mata ƙwarewarta ba.

3.0 NUNIN HOTUNA

Idan aka juya ga hoto, sai a ga kamar matsalar ta kau. Hoto ba ya bukatar a koyi ishara. Kowa ya ga uwa da jariri ya gane. Bahaushe ma ya ce gani ya kori ji. Amma nunin hotuna ya wuce tarin hotuna. Akwai wanda ya zaɓa, ya yanke girman kowanne, ya jera wannan kusa da wancan, ya rubuta ko ya ƙi rubuta bayani a ƙasa. Wannan hannu da ba a gani shi ne yake yi wa mai kallo jagora daga ƙofa zuwa ƙofa, kamar yadda mai tsara rawa yake yi wa 'yan rawa.

3.1 Iyalin Ɗan'adam

Nunin da ya fi kowanne yawan masu kallo a zamaninsa shi ne The Family of Man, watau Iyalin Ɗan'adam, wanda Edward Steichen ya shirya a gidan adana fasahar zamani na birnin Niyok, aka buɗe a Janairun 1955. Ya ƙunshi hotuna 503 na masu ɗaukar hoto 273 daga ƙasashe 68. An jera su bisa zangon rayuwa: soyayya, aure, haihuwa, wasan yara, aiki, ci da sha, ibada, yaƙi, mutuwa. Kusa da ƙarshe akwai babban hoto mai launi na fashewar bam ɗin haidurojin. Saƙon Steichen shi ne 'yan'adam duk ɗaya ne, kuma makamin nan yana iya shafe su gaba ɗaya. Hukumar yaɗa labarai ta gwamnatin Amurka ta zagaya da nunin ƙasashe da dama har tsawon shekara takwas, mutane fiye da miliyan 9 suka gan shi. Tun 1994 yana ajiye a fadar Clervaux ta ƙasar Lukzambur, mahaifar Steichen, a 2003 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kundinta na abubuwan tunawa na duniya.

Yawancin masu kallo sun fito da taushin zuciya. Shekara goma kacal ke nan da ƙare yaƙin duniya na biyu, mutane suna ƙishirwar a ce musu abokin gaba ma yana da uwa, yana kuma kukan ɗansa. Wannan martani na gaskiya ne, bai kamata a raina shi ba. Amma akwai waɗanda suka tsaya gaban bangon nan suka ji wani abu daban.

3.2 Masu kallo biyu da suka ƙi

Da nunin ya iso Faris a 1956, manazarci Roland Barthes ya rubuta gajeren sharhi wanda ya fito cikin littafinsa Mythologies a 1957. Ƙorafinsa shi ne an cire tarihi daga hotunan. Gaskiya ne kowa ana haifarsa, kowa yana mutuwa, amma abin tambaya shi ne a wane hali: ko uwar ta sha wuya, ko jaririn zai rayu, wace irin gaba ce take jiransa. Ya kawo misalin iyayen Emmett Till, yaron nan Baƙar fata ɗan shekara 14 da aka kashe a jihar Misisifi a Agustan 1955, yana cewa a tambaye su ra'ayinsu game da wannan babban iyali. Abin da ya ƙara wa ƙorafin nauyi shi ne, a farkon nunin na Niyok akwai hoton wani Baƙar fata da 'yan wariya suka kashe, amma an cire shi bayan wasu makonni, bai kuma shiga littafin nunin ba.

Mai kallo na biyu bai tsaya ga alƙalami ba. A 1959, lokacin da aka kai nunin birnin Mosko cikin baje kolin Amurka, wani ɗalibi ɗan Nijeriya, wanda littattafai suka kawo sunansa da Theophilus Neokonkwo, ya yage wasu daga cikin hotunan. Hujjarsa ita ce an nuna Turawa cikin sutura da mutunci, da ilimi da wadata, amma mutanen Afirka da sauran waɗanda ba Turawa ba an fi nuna su tsirara ko rabin tsirara, cikin talauci da rashin lafiya. Wannan ya faru ne ana saura shekara guda Nijeriya ta sami mulkin kai.

Tufka ta biyu ke nan, watau matsayin mai kallo. Ba'amurken da ya ga hoton mafarautan Kalahari ya ga ɗan'uwa na nesa, ya ji daɗin faɗin zuciyarsa. Ɗalibin kuwa ya ga yadda za a dube shi idan ya fita daga zauren. Na farko mai kallo ne kawai. Na biyu mai kallo ne kuma abin kallo. Ido ɗaya ba zai iya tsayawa a wuraren nan biyu a lokaci guda ba, shi ya sa shaidar kowannensu take da abin da ta ɗaya ba ta da shi.

A shekarar nan ta 1959 an sami wani lamari a Niyok da ya haska batun ta ɗaya gefen. Ƙungiyar Les Ballets Africains, wadda Fodéba Keïta ɗan ƙasar Gini ya kafa a Faris, ta je wasa, sai hukumomin birnin suka tilasta wa matan ƙungiyar rufe ƙirjinsu a kan dandamali. A ƙasashen Afirka ta Yamma renon Faransa kalmar bale ta ɗauki ma'anar duk rawar gargajiya da aka tsara don dandamali, kuma ƙungiyar Keïta ce kan gaba a wannan. Ke nan birnin da ya rataya hoton ƙirjin matan Afirka a bangon gidan fasaha, shekara huɗu bayan haka ya hana matan Afirka masu rai fitowa haka cikin wasan da ɗan Afirka ya tsara. Jikin bai sauya ba. Abin da ya bambanta shi ne wurin da aka nuna shi da wanda yake riƙe da ikon nunawa.

3.3 Daga aljihu zuwa bango

Wurin nuni yana iya sauya hoto ko da ba a taɓa abin da yake ciki ba. Seydou Keïta ya buɗe shagon ɗaukar hoto a Bamako a 1948, ya yi aiki a ciki har farkon shekarun 1960. Mutane sukan zo cikin kwalliya, su tsaya gaban zane mai ado, wani ya riƙe rediyo, wata ta jingina da babur, a wanke musu ƙaramin hoto su ajiye a gida ko su aika wa dangi. A 1991 aka nuna kaɗan daga cikin hotunansa a wani nuni a Niyok, aka rubuta cewa ba a san mai ɗaukar ba. André Magnin ya bi sawu har Bamako ya same shi, a 1994 aka yi masa nuni shi kaɗai a Faris, daga baya aka riƙa wanke hotunan da girman da ya ninka na asali sau da yawa, ana sayar da su da tsada.

Mai kallo a Faris yana yaba yadda adon zanen baya ya haɗu da adon tufafi, da yadda haske ya kwanta a fuska. Mai kallo a Bamako, inda ake taron masu ɗaukar hoto na Afirka tun 1994, yana iya gane unguwa, ya gane yayin ɗaurin kallabi, wataƙila ma ya gane kakarsa. Yabo na farko daidai ne, domin Keïta gwani ne. Amma akwai tambayar da ta fi zuwa wa na biyu: matar da ta biya kuɗinta don a yi mata hoton ajiya, shin ta san wata rana za ta tsaya a bangon baƙi?

4.0 ABIN DA YA TAƁA MUTUM SHI KAƊAI

Saura tufka ta uku. Barthes, wanda ya soki taushin zuciyar masu kallo a 1957, shi ne kuma ya rubuta littafi mafi shahara a kan taɓuwar zuciya gaban hoto, watau La Chambre claire, wanda ya fito a 1980, shekarar rasuwarsa. A ciki ya raba kallon hoto gida biyu da kalmomin Latin. Na farko, studium, shi ne sha'awar sani: mutum ya duba hoto ya fahimci zamani, da sutura, da nufin mai ɗauka. Wannan ana koyonsa, ana kuma iya tattauna shi. Na biyu, punctum, shi ne suka: wani ɗan ƙaramin abu a cikin hoton, wanda mai ɗauka bai nufa ba, ya fito ya soki mai kallo kamar ƙaya.

Misalan da ya bayar suna da darasi. Ya dubi hoton wani iyali na Baƙaƙen Amurka da James Van der Zee ya ɗauka a 1926, ya ce da farko takalmin wata mata ne ya soke shi, daga baya ya gane sarƙar wuyanta ce, ta zinariya mai tufka, irin ta wata gwaggonsa da ta tsufa ba ta yi aure ba. Manazarta sun koma ga hoton suka tarar matan cikinsa duwatsun lu'ulu'u suka saka. Ashe sarƙar tana cikin tunanin Barthes, hoton ƙofa kawai ya buɗe mata. Haka kuma hoton da littafin duka yake kewayawa a kansa, na mahaifiyarsa tana 'yar shekara biyar, wanda ya samo bayan rasuwarta a 1977, ya ƙi buga shi, bisa hujjar cewa ga kowa ban da shi hoto ne kamar kowane hoto.

Irin wannan suka tana faruwa a rawa ma. Wani yakan fito daga bale bai riƙe komai ba sai ƙarar takalmi a kan katako, ko numfashin 'yar rawa bayan doguwar juyi, watau daidai abin da fasahar take ƙoƙarin ɓoyewa. Bambancin shi ne mai kallon hoto yana iya komawa ya tabbatar, kamar yadda aka yi wa Barthes. Mai kallon rawa kuwa, ko an ɗauki wasan a fim, ba zai sake samun wancan dare daga waccan kujera ba.

5.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da ƙa'ida mai amfani ga malami da ɗalibin tarke. Idan mutum ya ce abu ya burge shi ko ya ƙona masa rai, maganarsa shaida ce, amma sai an tantance shaidar mece ce. Idan daga horon ido ta fito, kamar ta mutanen Faris a 1913, ilimi da sabo suna iya sauya ta, kuma ya kamata mai ita ya jinkirta hukunci har ya koyi ƙa'idar abin da yake kallo. Idan daga matsayi ta fito, kamar ta ɗalibin Mosko, ƙarin bayani a kan nufin mai shirya nuni ba zai kawar da ita ba, domin tana nuna wani abu da yake cikin aikin wanda masu rinjaye ba su gani ba. Irin wannan sauraronta ake yi. Idan kuwa suka ce irin ta Barthes, to dukiyar mai ita ce, yana da damar bayyana ta, amma ba ta zama hujja a kan ingancin aikin ga wasu.

Kuskuren da aka fi yi iri biyu ne. Akwai mai mayar da rashin sabonsa hukunci, ya ce abin banza ne don bai gane ba. Akwai kuma mai jin kunyar ra'ayinsa, ya ari na masana ya yafa, ya yi tafi don ya ga ana tafi. Na biyun ya fi yawa a tsakanin ɗalibai idan aka sa su sharhi a kan fasahar wata al'umma, kuma ya fi ɓarna, domin yana kashe shaidar da ba wanda zai iya bayarwa sai su. Hanyar da ta fi dacewa a aji ita ce a sa ɗalibi ya fara rubuta abin da ya gani filla-filla ba tare da yabo ko suka ba, sannan abin da ya ji, sannan ya nemi asalin jin a cikin tufkar nan uku. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Aikin manazarci shi ne ya binciko a wace kasuwa idonsa ya koyi awo.